Baƙi za su dawo, amma wane yanayi za su tarar?



Duk wanda ka tambaya me ya kashe yawon buɗe ido a Nijar, amsa ɗaya zai ba ka: rashin tsaro. Gaskiya ne. Tun ranar 9 ga Agusta 2020 da aka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, har da shugaban masu rakiyar baƙi, hanyar ta yi tsit. Amma yau ina so mu duba wata matsalar da ba ta ɗaukar bindiga.

Sana'ar nan ta dogara ne kan 'yan watanni kaɗan. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, shi ne mutum zai iya wuni a waje. Lokacin ne kuma ruwan da ya taso daga Gine ke isowa Yamai, kogin Isa ya cika, mai kwale-kwale ya kai ka Bubon ranar kasuwa. Ko gandun dajin W, da rani ake shigarsa. To in zafi ya riƙa sauka da wuri, cinikin shekara ne ake gutsurewa. Ku tuna azumin 2024. A Kayes ta Mali ma'aunin zafi ya kai 48.5 a farkon Afrilu, mu ma nan mun ji a jikinmu. Wa zai biya kuɗinsa ya je kallon dabba a irin wannan rana?

Damina kuma ta koma abin tsoro. A 2020 kogi ya fasa madatsa ya shiga gidaje a Harobanda, a 2024 tsohon masallacin Damagaram ya rushe saboda ruwa. Birnin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, da laka aka gina shi, ku yi tunani.

Raƙuman dawan Kure su ne suka fi damuna. A 1996 ba su kai 50 ba, yau sun haura 600, kuma babu irinsu a ko'ina sai a Nijar. Da damina suna kan tudun Kure, da rani su gangara Dallol Bosso wajen gawo. In ruwa ya rikice, kiwonsu ya rikice, sai su faɗa waken manomi. Manomin da ba ya ganin ko dala daga baƙi, me zai sa ya yi haƙuri?

Kada wani ya ce mini wannan harkar Turawa ce. Ɗalibai nawa ne a kartiyen nan suka taɓa ganin raƙumin dawa, alhali kilomita 60 ne tsakaninmu? Mu ne baƙin farko da ya kamata a shirya wa.

Abin da za mu kai wa hukumar birni ke nan: a daina yanka filaye cikin dajin dogon yaro da aka fara shukawa kewaye da Yamai tun 1965, a sa inuwa da ruwan sha a bakin kogi, makarantu kuma su tsara fita da yara a Disamba da Janairu, da sassafe. Takardar sa hannu tana nan bakin ƙofa.