Kujerar Obasa

Mudashiru Obasa, wakilin Agege, ya fara daga kansila har ya zama kakakin majalisar dokokin jihar Legas a 2015. Ranar 13 ga Janairun 2025, yana ƙasar waje, abokan aikinsa suka tsige shi, suka ɗora mataimakiyarsa Mojisola Meranda, mace ta farko a wannan kujera. Kafin wata biyu ta sauka, Obasa ya koma, bayan manyan jam'iyyar APC sun sa baki.

To, ga tambaya: idan 'yan majalisa ba su isa zaɓen shugabansu ba, ta yaya za su tsawata wa gwamna? Talaka dai wakili ya zaɓa, ba ɗan amshin shata ba.