Muryar Samanja da Tarihin da Muke Yankewa Daga Tsakiya

 Minti arba'in aka ba ni, kuma na san halina, don haka kai tsaye zan shiga magana.

Maganata a kan Usman Baba Pategi ce, Samanja Mazan Fama, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Kaduna a watan Nuwamban 2023. Ba zan maimaita muku tarihin Kannywood ba, kowa a ɗakin nan ya haddace shi kamar karatun allo: Turmin Danya, 1990, ƙungiyar Tumbin Giwa, sai kaset, sai rawa da waƙa, sai tasirin Indiya. Rigimata da wannan jeri ta daɗe, wasu a sahun gaba ma sun gaji da jin ta. Jerin yana somawa ne daga ranar da aka ɗora kyamarar bidiyo a kafaɗa a Kano, alhali tun 1962, da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, ake horar da 'yan wasan Hausa a gaban makirufo. Shekara ashirin da takwas ke nan muke tsallakewa, kuma a cikinsu aka gina irin ɗan wasan da na zo yi wa shari'a yau.

Ba jarumi nake nufi ba, mai sanya sabuwar shadda, wanda ake rera waƙa dominsa a gefen dam. Ina nufin wanda ake kira idan ana buƙatar hali: maigadi mai tsegumi, attajiri marowaci, dogari, boka, uwar miji. Shi labari bai rataya a wuyansa ba, amma cire shi ka ga yadda miya ke zama ba gishiri. Kundayen ɗalibanmu a kan jarumai sun cika kabad. Shi kuwa wannan, in an yi masa adalci, sakin layi guda ne a babi na biyu.

Ku dubi mutumin. An haife shi a 1942 a Pategi, a bakin kogin Kwara, Banufe ne ɗan gidan sarauta. Hausa ba ita ya sha a nono ba. Ya sa kaki da gaske, ya yi aikin soja, kafin ya zama sojan wasa a Rediyon Kaduna da talabijin. Kuma abin da ya ɗauko daga bariki, wanda ya fi kakin daraja, harshe ne.

A nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Hausa da aikin soja tsofaffin abokan tafiya ne, tun rundunar da Baturen nan Glover ya haɗa a Legas a 1863, wadda aka riƙa kira da sunan Hausawa. Ta nan muka sami kurtu da kofur da saja da hafsa, da shi kansa samanja, da fareti da bariki. Sai yaƙin basasa ya zo, 1967 zuwa 1970, rundunar da ba ta fi mutum dubu goma ba ta kumbura ta kai wajen dubu ɗari biyu da hamsin. Ku yi lissafin abin da wannan ke nufi ga harshe. Batibi da Ba'angashe da Banufe da Bayarabe da Bahaushe a ɗaki guda, kowa da nasa yaren, dole a sami abin da za a yi ciniki da zagi da neman aure da shi. Barikanci ya cika wannan gurbi: Hausar da ba ruwanta da bambanta "ya" da "ta", wadda ƙ da ɗ da ɓ suke rasa ƙugiyarsu a cikinta, ana kuma yayyafa mata Turancin buroka duk inda ta cije. Da aka gama yaƙi, waɗannan mutane suka bazu cikin gari, suka zama masu gadi da direbobi da masu haya a unguwanninmu. Kowa ya san wannan murya, amma Samanja ne ya ɗora ta a kan iska ya mai da ita sana'a.

Masu kishin daidaitacciyar Hausa sun sha ce mini wannan ɓata harshe ne. Ni na ce su gwada. A ba malami makirufo a ce ya karya Hausa na minti biyar, a ga ko ba zai koma ta Kano ba kafin ya kai minti ɗaya. Karya harshe a daidai gaɓar da za ta ba da dariya, a juya zuwa buroka a lokacin da fushi ya taso, a dawo Hausa idan ana lallashi, sai wanda ya san harsunan nan ciki da waje. Kuma ku tuna, a rediyo ba kaki, ba gashin baki, ba zare ido. Muryar ita ce kakin. Da ita zai nuna maka muƙaminsa da shekarunsa, da ko yau ya kwana lafiya da iyalinsa. Mai saurare a Maraɗi ko Garwa ko zangon Kumasi, inda gajeren zangon Kaduna ke kaiwa a lokacin, ba shi da abin kamawa sai ita.

Na ga wannan da idona. Muna yara, akwai wani tsohon soja maƙwabcinmu, ya dawo daga yaƙi da ɗingishi, ba ya son hira da kowa. Amma idan lokacin wasan ya yi, zai jawo tabarmarsa zuwa ƙofar zaurenmu, inda mahaifina ke ajiye rediyo a kan buta da aka kife don muryar ta fito. Da Samanja ya daka tsawa, sai ka ga bayan tsohon ya miƙe da kansa, sannan ya kece da dariya har ya share hawaye da hularsa. Mu dariyar Hausar muke yi. Shi kuwa ya gane mutumin, ya taɓa tsayawa a gabansa a fareti.

Da wasan ya koma talabijin, fuskar ta zo ta tarar da halin a gine, shi ya sa ba wanda ya ji baƙunta. Haka 'yan zamaninsa. Marigayi Ƙasimu Yero, da ya rasu a 2017, ya ba mu dariya a Karambana, ya je Jos ya zama Uncle Gaga da Turanci a Cock Crow at Dawn, ya dawo ya shiga Magana Jari Ce. Mutum ɗaya, harshe biyu, kuma ba ka taɓa rikita wannan hali da wancan ba.

To me fim ɗin bidiyo ya yi da irin waɗannan mutane? Ya zaunar da su a kujerar falo. Fitowa biyu: ta farko uba ya ce bai yarda da auren ba, ta ƙarshe ya sa albarka. A sallame su da kuɗin mota. Kun tuna ƙurar da ta tashi a 2022, da Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai ƙalilan ake ba ta. Furodusoshi sun musanta, an yi ta sa-in-sa a kan lissafi. Ni ba lissafin ne ya fi ci mini rai ba. A duk cikin hayaniyar ban ji wanda ya tambayi dalilin da ya sa ba a rubuta wa mace mai wannan gogewa rawar da ta wuce ta zama a tsakar gida ana gaishe ta ba.

Akwai masu cewa wasan Samanja wankin sojoji ne a zamanin mulkin soja. Wanda ya saurare shi ya san sau nawa aka mai da mai muƙamin abin dariya. Akwai kuma masu cewa rediyo ya mutu. Su shiga motar haya da safe.

Abin da ya mutu kasakasan ne. Shekarun baya na raka wani ɗalibina wata tasha, ba zan kama suna ba, muna neman tsofaffin wasanni. Mai kula da sito ya buɗe mana ɗaki, rufin ya yoye, kwalaye sun yi funfuna. Na ɗauki kaset guda, an rubuta sunan wasa a jikinsa, an soke, an rubuta ziyarar gwamna a ƙasa. Ya ce da ni, "Malam, a lokacin kaset tsada yake, sai a ɗora sabo a kan tsoho." Ba laifinsa ba ne. Fim ɗin Shehu Umar na Adamu Halilu, na 1976, shi ma an ɗauka ya ɓace, sai da aka tono shi a wani tsohon sito a Legas, aka gyara shi da hannun wata cibiya ta Jamus, aka nuna a Balin a 2018. Shi ya yi sa'a domin fim ne. Muryar rediyo ba ta da mai zuwa daga Jamus.

Abin da nake nema ba sabo ba ne, na kai shi gaban kwamiti fiye da sau ɗaya. Duk ɗalibin wasan kwaikwayo ya yi zango guda cur a ɗakin rediyo kafin a bar shi ya tsaya gaban kyamara. Wanda bai iya nuna tsufa da rowa da murya kaɗai ba, kwalliya ba za ta cece shi ba. Sashen Hausa ya daina ɗaukar Barikanci a matsayin kuskure, ya nazarce shi. Sannan jami'a ta rubuta wa Rediyon Tarayya na Kaduna da NTA da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, a yi yarjejeniya, a kwafe abin da ya rage zuwa kwamfuta, kowane wasa da sunayen 'yan wasansa na gaskiya. Ɗalibai huɗu da na'ura ɗaya sun isa a fara. Tsofaffin ma'aikatan da za su ji murya su ce wannan wane ne suna nan da ransu a Kaduna, amma kowace shekara ana raguwa.

Shugaban taro, na ga takardarka ta cikar lokaci ta iso. Wasiƙar neman yarjejeniyar tana hannuna a rubuce, sa hannun shugaban tsangaya kawai take jira.