Ruwan Jakara da Maganin Ƙarshe

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo da damina, ya ga lambatun Fagge da Sabon Gari sun tumbatsa, to ya sani ruwan nan, haɗe da najasa da jinin mayanka, kogin Jakara ya nufa, inda masu lambu ke ban ruwan latas. A cikin irin wannan ƙazanta ƙwayoyin cuta kan gamu da ragowar magunguna, su saba da su, har su riƙa miƙa wa juna taurin kan, kamar yadda masana suka tabbatar a ƙasar Sin a 2015 game da maganin kolistin, wanda likita ba ya taɓawa sai larura ta kai matuƙa, alhali kuwa makiyaya na ɗura wa dabbobi shi. Wajibi ne hukuma ta tace ruwan nan kafin ya isa lambu.