Abin Da Ƙyanda Ke Bari Bayan Ta Tafi



An nemi in yi magana a matsayina na likita, ni kuwa na zaɓi ƙyanda, wadda iyayenmu mata ke sakayawa da sunan baƙon dauro. A gidajenmu, da zarar ƙuraje sun bushe, zazzaɓi ya sauka, sai a ce baƙo ya tafi. To, sau da yawa yakan tafi ne ya bar kayansa.

Na farko shi ne ido. Ƙyanda tana cinye bitamin A da ke jikin yaro, idon ya bushe, ya yi gyambo, daga nan sai hakiya ko makanta. Abin takaici, wani lokacin abin da ake ɗiga wa yaron a gida, kwalli ko ruwan wani ganye, shi ke ƙarasa idon, alhali a asibiti bitamin A ake ba shi na kwana biyu a jere. Haka kunne: ya yi ta zubar da ruwa har ji ya ragu, yaro ya zo aji ana ce masa daƙiƙi, ba a san ba ya jin malam ba ne.

Akwai kuma wadda ba a gani. Jikin mutum yana riƙe da tarihin cututtukan da ya taɓa yaƙa, shi ya sa ba su cika kayar da shi karo na biyu ba. Ƙyanda tana goge wani ɓangare na wannan tarihi. A 2019 an buga binciken da aka yi kan yaran ƙasar Holan da ba a yi wa rigakafi ba, aka ga bayan ƙyanda sun rasa kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na ire-iren garkuwar da ke jininsu. Shi ya sa yaro zai warke, amma gudawa da ciwon haƙarƙari su yi ta bibiyarsa.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta ƙwaƙwalwa, da likitoci ke kira SSPE. Ba ta da yawa, amma tafi samun wanda ya yi ƙyanda kafin shekara 2. Ƙwayar cutar takan kwanta shekara 7 zuwa 10, yaro yana makaranta lafiya lau, sai a ga mantuwa, hali ya sauya, jiki yana fizga, har ya daina magana. A ce jifa ne ko iska. Kusan duk wanda ta kama, ita ce ajalinsa.

To, ita allurar fa? Na san cikinku akwai masu shakka, kuma wanda ya tuna gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba za a ce ba shi da dalili ba, ko da yake wannan magani ne na sanƙarau, ba rigakafi ba. Allurar ƙyanda takan kawo zazzaɓi da 'yan ƙuraje bayan mako guda zuwa kwana 12. Kamar yaro 1 cikin 3,000 yakan yi jijjiga saboda zazzaɓin, abin tsoro ga uwa, amma ba ya barin lahani. Ita kuwa ƙyandar, 1 cikin 1,000 tana kumbura masa ƙwaƙwalwa. Zancen cewa allurar na jawo galahanga daga rahoton Andrew Wakefield na 1998 ya fito, wanda mujallar Lancet ta janye a 2010, aka kuma hana shi aikin likita a Ingila.

Kafin a samu allurar a 1963, ƙyanda na kashe mutum miliyan 2.6 duk shekara. A 2023 ma, an ƙiyasta ta kashe 107,500, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara 5.

Roƙona ga ƙungiya shi ne kowa ya koma gida ya duba katin yaransa. Allura biyu ce, a wata 9 da wata 15, kuma ta biyun ce aka fi mantawa. Ina kuma ba shugabanni shawara a sa gwajin ji da gani na sababbin ɗalibai cikin ayyukanmu na bana, ni da sauran likitocin cikinmu za mu zo mu yi kyauta.