Shirya Ma'aikata Kafin Su Kama Aiki: Darasi Daga Gobarar Piper Alpha



Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka al'amarin yake ga kowane aikin da mutane ke yi a ƙungiya, ko ginin gada ne, ko haƙar rijiya, ko gyaran injin a masana'anta. Sau da yawa in aka bi diddigin haɗarin da ya auku da tsakar aiki, sai a tarar tushensa yana can farko, lokacin da ma'aikata suka karɓi aiki ba tare da an gaya musu abin da ya kamata su sani ba. A kan wannan ɗan lokaci na farko ne laccar nan za ta tsaya, kuma za ta ɗauki misalinta daga Tekun Arewa.

Piper Alpha wani dandamalin haƙo mai da iskar gas ne da ya kasance a tsakiyar teku, kimanin mil 120 arewa maso gabas da birnin Aberdeen na Birtaniya. Ran 6 ga Yuli, 1988, akwai mutum 226 a kansa. Dandamalin yana da manyan famfuna biyu masu tura ruwan gas zuwa gaɓa. A wannan rana an tsayar da ɗaya don gyara, aka kuma cire masa bawul ɗin da ke rage matsi in ya yi yawa, aka rufe bakin bututun da faifan ƙarfe wanda ba a ɗaure shi sosai ba. Yamma ta yi, aiki bai ƙare ba. Wanda ke kula da gyaran ya mayar da takardar izinin aiki, amma bai yi magana baki da baki da shugaban masu aikin dare ba. Har ila yau, takardar famfon daban, takardar bawul ɗin daban, kowace a wurin ajiyarta.

Wajen ƙarfe goma saura kwata na dare, sai famfo na biyu ya tsaya. Masu aikin dare suka duba, suka ga takardar famfo na farko, ba su ga ta bawul ba, suka zaci ana iya tayar da shi. Da tayar da shi gas ya tsiyayo ta gefen faifan nan, ya kama wuta, ya fashe. Famfunan kashe gobara kuwa an riga an mai da su sai an kunna da hannu, domin kare masu aikin nutso, kuma hayaƙi ya hana kowa isa gare su. Ma'aikata da yawa suka taru a ɗakunan kwana suna jiran umurni da jirgi mai saukar ungulu, ba ko ɗaya da ya zo. Mutum 167 suka rasu, har da biyu daga cikin masu ceto. 61 kaɗai suka tsira. Binciken da alƙali Lord Cullen ya shugabanta ya fito a 1990 da shawarwari 106, ya kuma nuna cewa tsarin takardar izini da na miƙa aiki sun daɗe da lalacewa tun kafin daren.

Abin lura shi ne, mutanen nan ƙwararru ne, kayan aikinsu na zamani ne. Abin da suka rasa magana ce guda wadda faɗinta bai kai minti ɗaya ba. Daga nan ake iya fitar da wajibai biyar da ke kan helma, ko injiniya, ko duk wanda aka ɗora wa shugabancin ma'aikata.

Na farko, ya zaga wurin aiki da ƙafarsa kafin kowa ya ɗauki diga ko sifana. Ramin da yake lafiya jiya, ruwan dare yana iya sassauta gefensa, tsanin da aka bari tsaye wani yana iya gusar da shi.

Na biyu, ya karɓi aiki baki da baki daga wanda ya sauka, sa'an nan su duba takarda tare: me aka gama, me aka bari, me aka kwance, me aka hana taɓawa. Takarda ba ta amsa tambaya, shi ya sa dole a haɗa ta da magana.

Na uku, ya tara ma'aikata na minti goma ko sha biyar, ya bayyana aikin ranar daki-daki cikin harshen da suke ji, ya kira sunan kowa da aikinsa. Sabon lebura a haɗa shi da tsohon hannu. Kada a tsaya ga tambayar ko an gane, domin kunya takan sa mutum ya gyaɗa kai alhali bai gane ba. A sa shi ya maimaita da bakinsa.

Na huɗu, a duba kayan aiki da na kariya: igiya, tsani, wayar lantarki, hular kwano, takalmi, safar hannu. Abin da ya lalace a janye shi nan take.

Na biyar, kowa ya san abin yi in ta ɓaci: hanyar fita, wurin taruwa, mai ba da umurni, da wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan. Kuma a faɗa a fili cewa ƙaramin lebura ma yana da ikon tsayar da aiki in ya ga haɗari, ba tare da tsoron kora ba.

Wannan batu na ƙarshe yana da gindi a doka. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 1981, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1994, ta kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin yana barazana ga ransa. Dokar Masana'antu ta 1987 ita ma ta ɗora wa masu masana'anta nauyin killace injuna masu haɗari da horar da waɗanda ke aiki da su.

Saura nauyin da ke kan ma'aikacin gwamnati. Shi ne ke tsara sharuɗɗan kwangila, shi ne ke yanke wa'adi, shi ne ke sa hannu a biya kuɗi. In ya matsa wa ɗan kwangila da wa'adin da ba zai yiwu ba, ɗan kwangila zai matsa wa helma, helma kuwa abin da zai fara yarwa shi ne taron safe. Saboda haka ya kamata jami'in da ya je duba aiki ya isa da sassafe, ya ga yadda ake somawa, ya tambayi lebura ɗaya ko biyu abin da aka gaya musu. Ɗaliban da ke zaune a nan kuwa, da yawansu za su shugabanci mutanen da suka girme su, suka kuma fi su sanin aiki. Wajibi ne su koyi tambaya da saurare kafin su ba da umurnin a soma, domin iyalin kowane ma'aikaci suna jiran dawowarsa da yamma.