Satar Fasaha da Kwafe don Amfanin Kai: Ina Iyakar Take?



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne iyakar da ke tsakanin mutumin da ya kwafi littafi ko fim don amfanin kansa, da wanda ya kwafa don ya rarraba wa jama'a. Sau da yawa akan haɗa su biyun a yi musu kuɗin goro, alhali kuwa shari'a ta bambanta su.

Tun a shekarar 1710 aka kafa dokar farko ta haƙƙin mawallafa a Ingila, a 1886 kuma ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Berne don kare wannan haƙƙi a tsakaninsu. A wancan zamani sai mai injin ɗab'i ne yake iya satar littafi. Da rikoda ta shiga gidaje, sai aka soma tambayar hukuncin mai kwafe a ɗakinsa. A 1984 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa wanda ya naɗi shirin talabijin don ya kalla daga baya bai yi laifi ba. Amma da Napster ta ɓullo a 1999, jama'a suka riƙa musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, sai kotu ta taka mata birki, ta daina aiki a 2001. Watau naɗa don kai daban, rarrabawa daban.

Haka abin yake a Nijeriya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta yarda da kwafe don amfanin kai, muddin bai ƙetare adalci ba. Amma ba ta yarda a baza aikin wani a intanet ba tare da izninsa ba. Haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, na fim kuwa shekara 50 daga fitowarsa.

To, mai kwafe yakan kawo hujja, ya ce ai bai raba kowa da kayansa ba, tun da na asali yana hannun mai shi. Lalle wannan gaskiya ne, sai dai abin da aka ɗauke guminsa ne. A dubi masu shirya fina-finan Hausa a Kano. Da kaset da faifai suke mayar da kuɗinsu, amma da tura fim a waya ya yawaita, sai kasuwar faifai ta durƙushe, da yawansu suka koma YouTube. Har ila yau, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa dukiya ce da Shari'a ta kare.

Ba a musun cewa littattafan karatu sun yi tsada, ɗalibi kuwa ba shi da hali. Ɗalibin da ya kwafi babi guda don nazari yana da uzuri. Amma wanda ya ɗauki hoton littafi sukutum ya watsa a WhatsApp ya shiga gonar wani, wanda ya karɓa da saninsa kuma ya zama ɓarawon zaune. Maganin tsada shi ne jami'o'i su wadata ɗakunan karatu, mawallafa su sassauta farashi. In kuwa aka bar marubuci ya shuka wani ya girbe, wata rana za a nemi littafin da za a kwafa a rasa.

Allah Ya sa a dace. Wassalam.