Mai Horas da 'Yan Ƙwallo Malami Ne: Darasi daga Rayuwar Amos Alonzo Stagg

Shugaban zama, malamaina, iyaye da 'yan makaranta na Gure. Lokaci kaɗan ne, bari in shiga magana.

Na daɗe ina jayayya da abokan aikina a kan abu guda: sun ɗauki mai horas da yara ƙwallo tamkar ɗan rakiya, ni kuwa na ce malami ne cikakke. Hujjata yau daga Amurka zan ɗauko ta.

An haifi Amos Alonzo Stagg a 1862 a jihar New Jersey, ɗan talakawa. Ya yi karatu a jami'ar Yale da niyyar zama mai wa'azin coci, sai ya ga harshensa ba na mumbari ba ne, ya koma tarbiyyar matasa a filin wasa. Ƙwallon nasu daban yake da tamaularmu, da hannu ake ɗaukar sa ana ture-ture, amma aikin mai horo ɗaya ne ko'ina.

Ku riƙe shekarar 1892. A wannan shekara aka buɗe jami'ar Shikago, shugabanta William Rainey Harper ya kira Stagg. Ya ba shi muƙamin farfesa mai daraja ta biyu, da kujera ta dindindin, da shugabancin sashen motsa jiki. Wato yana zama majalisar malamai kafaɗa da kafaɗa da masu koyar da lissafi da tarihi, kuma shan kaye ranar Asabar ba ya cinye masa albashi. Me hakan ya haifar? Shekara 41 ya yi a makaranta ɗaya, daga 1892 zuwa 1932. Ya ci kofin yankinsu sau bakwai, akwai kuma shekarun da ya sha kashi, ba wanda ya kore shi. Yaron da ya horas ya girma ya turo masa ɗansa. Da jami'ar ta ce ya cika saba'in ya huta, sai ya tafi wata ƙaramar kwaleji a Kalifoniya, a can aka zaɓe shi gwarzon masu horo na ƙasa a 1943 yana da shekara 81. Ya rasu a 1965, shekarunsa 102. Ina sake faɗa, asalin duk wannan ita ce takardar ɗaukar aiki ta 1892. Hazaƙa akwai ta ko'ina, kwanciyar hankalin da za ta yi saiwa ne ke wuya.

Mu kuwa fa? Harouna Doula ya kai Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, gasar kofin Afirka karon farko, daga rukunin share fage da Masar da Afirka ta Kudu ke ciki, hukumar CAF ta naɗa shi gwarzon mai horo na 2011. Wasa ɗaya muka faɗi a hannun Gabon a 2012, aka miƙa ragama ga Bafaranshe Rolland Courbis. In haka aka yi wa na sama, yaya na ƙasa?

Ku leƙa filin makaranta a nan garin da la'asar. Rairayi ya cinye layi, duwatsu biyu ne raga, ƙwallon ya sha ɗinki, rabin yaran ba takalmi. Wanda ke tsaye da usur sau da yawa malamin kwantaragi ne da aka cika wa jadawali da wasanni, kuma bai san ko baɗi yana nan ba. Wa zai shuka dabino a gonar aro?

Za a ce ba kuɗi, ko a ce kokowa ce wasanmu. Kokowar ma mai koyarwa take buƙata, kuɗin bukukuwa kuwa ba su taɓa ɓata ba.

Abin da nake nema shi ne wanda na saba nema. Kowace sakandare a wannan yanki ta samu malamin wasanni da ya fito daga INJS, makarantar horas da malaman wasanni ta Yamai, a ɗauke shi aikin dindindin, a bar shi wuri ɗaya aƙalla shekara biyar. A auna shi da yawan yaran da suka zauna makaranta har suka gama, kofi ya biyo baya. Ma'aikatar magajin gari ta killace filayen makarantu kafin masu sayen fuloti su riga mu. Iyaye, ku kai wannan buƙata ga hukumomin ilimi na Damagaram a rubuce kafin komawa makaranta ta Oktoba.